Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Rediyon Mahaifina Ya Sake Magana

A ƙarshen daminar da ta wuce, muna tattara 'yan kayan da mahaifinmu ya bari, Allah Ya jiƙansa da rahama, sai aka jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado. A cikinta, tsakanin tsofaffin takardun haraji da wani rawani da asu ya fara ci, muka iske rediyonsa. Ƙirar Japan ne, mai zango uku, mai cin manyan batura huɗu, yana sanye da rigar jar fata da wani baduku ya ɗinka masa tun ban yi wayo ba. Da kuɗin gyaɗa mahaifinmu ya saye shi a ƙarshen shekarun 1960, kuma rabon da a ji muryarsa a gidanmu an fi shekara ashirin. Ƙanena ya ɗaga shi ya girgiza, wani gari mai ruwan toka ya zubo daga bayansa, ya ce a ajiye wa 'yan gwangwan. Na ce a'a, a sa mini shi a cikin rabona.

Ba rowa ta sa ni ba. A cikin wannan akwati gidanmu ya ji cewa daga watan Afrilun 1972 motoci za su koma bin hannun dama, a nan kuma aka yi ta bayanin yadda fam da sule za su ba naira da kwabo wuri a farkon 1973. A gabansa muka zauna jugum ranar Juma'a, 13 ga Fabrairun 1976, da labarin kisan Janar Murtala Muhammad ya iso, na ga hawaye a idon mahaifina karo na farko. Abin da ya shaida wannan duka bai cancanci a ɗora shi kan sikeli a biya kuɗin nauyinsa ba.

Matasan da suka buɗe ido suka ga wayar salula ba lallai su fahimci girman sauyin da wannan ɗan akwati ya kawo ba. Kafinsa, rediyo kayan masu hali ne. Babban akwati ne na katako, cike da wasu kwalabe masu kama da ƙwan fitila, waɗanda sai sun ɗauki zafi kafin murya ta fito, kuma ba ya aiki sai da lantarki ko da batir mai nauyin gaske. A manyan garuruwa kamar Kano, tun shekarun 1940, abin da jama'a suka sani shi ne lasifika mai waya da ake jawowa daga tasha guda, wadda ba ka da zaɓi sai abin da aka ba ka.

A watan Disambar 1947, a ɗakunan bincike na kamfanin Bell da ke Amurka, John Bardeen da Walter Brattain, waɗanda ke aiki tare da William Shockley, suka ƙirƙiro transista, wata 'yar na'ura da ke yin aikin waccan kwalba ba tare da zafi ko cin wuta mai yawa ba. Su ukun sun sami kyautar Nobel a 1956. A ƙarshen 1954 aka fara sayar da rediyon aljihu na farko mai transista, Regency TR-1, mai transista huɗu, a kan dala 49.95. Japanawa suka karɓi abin da hannu biyu: kamfanin da aka sani da Sony ya fitar da TR-55 a 1955, sannan TR-63 a 1957, wanda ya buɗe wa rediyon Japan kasuwannin duniya.

A wannan shekara ta 1957, ranar 13 ga Maris, aka fara jin Hausa daga BBC a Landan. Gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, sashen Hausa na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka kuma a 1979. Wato a daidai lokacin da harshenmu ya hau iska, a lokacin ne aka sami akwati mai arha, mai aiki da batir, wanda zai iya kamo shi a ƙauyen da bai taɓa ganin turken lantarki ba. Makiyayi ya rataya shi a kafaɗa, maigadi ya ajiye shi gefen tabarma, mai shayi ya ɗora shi kan tebur, mata suka shigar da shi cikin gida. Mutumin da bai taɓa zama a aji ba ya zama yana iya yi maka bayanin yaƙin Biyetnam da rikicin Gabas ta Tsakiya dalla-dalla.

To, wannan tarihi ne na ɗauka a hammata na shiga kasuwa neman mai gyara. Na wuce rumfunan masu gyaran waya sun fi a ƙirga, kowanne na nuna masa sai ya yi murmushi ya girgiza kai. Daga ƙarshe aka kwatanta mini wani dattijo a can ƙuryar layi, wanda yanzu yawancin aikinsa gyaran tocila ne da fankar caji. Na yi sallama, na miƙa masa.

"Baba, ko wannan zai tashi?"

Ya juya shi a hannu, ya shinshina bayansa, ya ce, "Malam, ka sa masa batir tun da ka ɗauko shi?"

Na ce ban sa ba.

Ya ce, "To, ka kyauta. Irin waɗannan ba tsufa ke kashe su ba. Masu su ne ke kashe su, sai kuma mu masu gyara mu ƙarasa."

Na yi kwana uku ina zuwa rumfarsa bayan la'asar. Abin da na gani da abin da na ji shi nake so in raba da masu karatu, domin na san a gidaje da yawa akwai irin wannan adaka.

Babban maƙiyin tsohon rediyo shi ne batirin da aka manta a cikinsa. Batir idan ya ƙare ya daɗe, sai ya yi yoyo, ruwansa ya ci ƙarafunan da ke riƙe shi, ya bi waya ya gangara har kan allon da aka jera kayan ciki, ya cinye siraran hanyoyin tagulla. Abin da ya sami namu ke nan. Baturan da ke kasuwarmu iri biyu ne, kuma maganin ɓarnarsu ya bambanta. Na gargajiya mai arha, wanda jikinsa tutiya ce, ruwansa mai tsami ne, don haka ɗan ruwan kanwa da aka tace ke kashe kaifinsa. Na alkalin kuwa, mai barin farin gari kamar gishiri, sai da abu mai tsami, kamar ruwan lemon tsami ko khal. Ana shafawa ne da auduga a kan tsinke, a wurin da ɓarnar take kawai, sannan a goge da sifirit, a bari ya bushe sarai. A kiyaye ido da hannu, domin garin yana ƙuna. Rigakafin wannan duka bai fi aikin minti ɗaya ba: duk rediyon da za a yi wata ba a kunna ba, a cire masa batir.

Na biyu shi ne abin da masu gyara ke kira kwandansa, wasu 'yan gwangwanaye masu ƙafa biyu da ke tara wuta su tace ta. Akwai wani danshi a cikin irin waɗanda ake kira na ruwa, kuma shekaru da zafin ƙasarmu suna busar da shi ko da ba a taɓa kunna rediyon ba. Idan suka bushe, sai murya ta shaƙe, ko ta yi ƙasa ƙwarai, ko a ji rediyon yana fat-fat-fat kamar babur. Biyar dattijon ya canza a namu, kuma kuɗinsu duka bai kai na kwanon abinci ba. Sharaɗin shi ne sabon ya yi daidai da tsohon a lambar da ke rubuce a jikinsa, ƙarfin wutar da yake ɗauka kada ya gaza na tsohon, kuma kada a juya ƙafafunsa, domin kowace da gurbinta.

Na uku, transistocin kansu. Na rediyon shekarun 1950 da 1960 yawanci da sinadarin jamaniyam aka yi su, kafin silikon ya mamaye duniya. Jamaniyam ba ya jure zafi. Na lura duk sa'ad da dattijon zai kai ƙarfen narka dalma kusa da ɗayansu, sai ya dafe ƙafar da filaya domin ta shanye zafin. Saboda wannan dalili ne kuma bai kamata a bar irin wannan rediyo a rana ko a cikin mota a rufe ba. Haka nan ba a cire na jamaniyam a cusa na silikon kai tsaye, domin na farko yana buɗewa da kimanin bolt 0.2 zuwa 0.3, na biyu kuwa sai wajen 0.6 zuwa 0.7. Akwai ma wata cuta ta musamman da ke kama wasu rediyoyin Ingila na shekarun 1960, irin su Bush da Roberts, masu transista AF117: wasu siraran gasu na kuza ne ke tsirowa a cikin gwangwanin transistar, su haɗe abin da bai kamata ya haɗu ba, rediyo ya yi shiru. Wanda bai san wannan ba sai ya yanke hukuncin cewa akwatin ya mutu.

Na huɗu, kuma a nan ne dattijon ya fi ɗaga murya, shi ne karambani. Duk wanda ya buɗe bayan tsohon rediyo zai ga wasu ƙananan akwatunan ƙarfe masu kai kamar na kusa mai murɗi, an shafa musu launi, rawaya ko fari ko baƙi ko ja. Mai ƙaramin sani yakan ɗauka sun kwance ne, ya sa sukuddireba ya ɗaure su. Alhali tun daga masana'anta aka daidaita su da na'ura, a yawancin rediyon Japan a kan kilohaz 455, kuma abin da ke cikinsu yana da saurin fashewa. Murɗa su ba tare da kayan awo ba shi ne garin neman gira a rasa ido. Haka batun ba wa rediyo wuta da kowace irin caja da aka samu. Rediyon batir huɗu bolt 6 yake ci, kuma da yawa daga cikin masu jamaniyam an haɗa wayoyinsu ne a juye da yadda aka saba a kayan zamani. Wuta ta yi yawa ko ta shiga a juye, cikin ƙiftawar ido an ƙone abin da ya rayu shekara hamsin.

Sauran kuwa aikin haƙuri ne. Zaren da ke jan allurar tasha yakan tsinke, kuma kafin a cire guntunsa ya kamata a ɗauki hoton yadda aka naɗa shi, domin mayar da shi da ka yana sa gumi. Ƙarar ƙarat-ƙarat da ake ji idan an murɗa abin ƙara murya ƙurar hunturu ce ta shiga, maganinta ruwan feshi na wanke kayan lantarki, ba kananzir ko man inji ba. Baƙar sandar nan mai kama da gawayi da aka naɗe da siririyar waya ita ce eriyar matsakaicin zango, ita ce ke sa murya ta ƙaru idan an juya akwatin wata fuska, kuma faɗuwa ɗaya kan raba ta biyu. Takardar lasifika idan ta yage ana iya liƙe ta da takarda marar kauri da ɗan gam. Jikin akwatin kuma tsumma mai ɗan danshi da sabulu ya ishe shi, domin fetur da tina suna narka roba su share lambobin da ke fuskarsa. A namu, har gidan zanzaro aka ciro daga bayan lasifika.

Akwai wani abu da ban taɓa tunani ba sai da ya faɗa mini. Sau da yawa rediyon lafiyarsa ƙalau, gidan ne ya canza. Cajar waya mai arha, da ƙwan fitila na zamani, da na'urar juya wutar sola, duk suna watsa wata hayaniya da kunne ba ya ji amma gajeren zango da matsakaicin zango suna kwasa. Kafin a ce akwati ya lalace, a fita da shi tsakar gida da dare, nesa da waɗannan kaya, a saurara.

Mai karatu na iya cewa, to, duk wannan wahala ta mece ce, alhali akwai sabon rediyo a kasuwa, ga kuma waya a aljihun kowa? Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan ɓoye gaskiya ba. Yawancin waɗannan tsofaffin akwatuna ba su da zangon FM, inda tasoshinmu na gida suka koma. Tasoshin gajeren zango sun ragu. Wasu kayan gyaran sai an yanka wani mataccen rediyo kafin a same su. Ba kowane akwati ne zai tashi ba, ba kowanne ne kuma ya cancanci kuɗin da za a kashe masa ba.

Duk da haka ina da amsa biyu. Ta farko, mun ga abin da ya faru a watan Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, saboda matsalar tsaro. Wayar da muke taƙama da ita ta koma tocila. Akwatin rediyo kuwa ba ya neman layi, ba ya neman kati, ba ya neman caji, batura kawai yake so ya yi makonni yana magana. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Al'ummar da ke rayuwa cikin irin halin da muke ciki bai kamata ta yi sakaci da hanyar jin labari mafi sauƙi da ta mallaka ba, balle ta bar masu iya gyara ta su ƙare.

Amsa ta biyu ta fi damuna. Waɗannan akwatuna an ƙera su ne don a buɗe. Wasunsu ma za ka iske an manna taswirar haɗin wayoyinsu a cikin murfin baya, saboda maƙerin ya san wata rana wani zai nemi gyarawa. Kowane abu a ciki ido na ganinsa, hannu na iya kama shi, kuma ana iya bin sawun murya daga eriya har lasifika mataki-mataki. Babu allon karatu da ya fi wannan ga mai son sanin yadda lantarki ke aiki. Gyaran wayar zamani kuwa, mafi yawansa cire wannan allo ne a sa wancan. Ba raina sana'ar nake yi ba, tana ciyar da dubban gidaje. Amma akwai bambanci tsakanin mai sauya kaya da mai gano cuta, kuma na biyun ne muke rasawa. Na tambayi dattijon ko yana da almajiri a wannan fanni. Ya ce na ƙarshe ya tafi shekaru da dama da suka wuce, ya koma gyaran waya, kuma bai ga laifinsa ba.

Saboda haka ina kira ga ɓangarori uku. Malaman kwalejojin fasaha da na kimiyya su riƙa tura ɗalibansu rumfunan irin waɗannan dattawa a lokacin koyon aiki, su kuma nemi tsofaffin akwatuna su zama kayan gwaji a ɗakunan karatu. Ɗalibin da ya tayar da mataccen rediyo da hannunsa ya fahimci abin da shafi ɗari na littafi ba zai koya masa ba. Gidajen tarihinmu, irin su Gidan Makama a Kano da Gidan Arewa a Kaduna, su ɗauki rediyo a matsayin kayan tarihi kamar yadda suke ɗaukar takobi da sirdi, su tattara su tare da labarin masu su, tun kafin 'yan gwangwan su riga su. Mu kuma masu gado, mu duba adakunmu. Wanda ya sami irin wannan akwati ya cire batirin da ke ciki yau, ya ajiye shi a wuri mai inuwa marar danshi, kada ya kunna shi kuma kada ya murɗa komai a cikinsa, sai ya sami wanda ya san hannunsa. Wanda nasa ke aiki ya riƙa kunna shi lokaci-lokaci, domin zama wuri ɗaya ya fi aiki lalata shi.

A yammacin kwana na uku dattijon ya jera batura huɗu, ya zaro eriya, ya murɗa. Aka ji shuuu, sannan wani kiɗa daga nesa, sannan muryar wani mutum tana karanta labarai da Hausa a kan mita 31, tana zuwa tana komawa kamar yadda gajeren zango ya saba. Masu gyaran waya biyu suka bar rumfarsu suka zo suka tsaya a kanmu. Ɗayansu ya tambaya ina katin yake shiga.

Na biya abin da ya yanka, wanda na ji kunyar ƙanƙantarsa har na ƙara. Da zan tafi ya ce, "Malam, in ka kiyaye shi zai kai jikokinka. Sai dai ban san wanda za su kai wa ba in ya sake yin shiru."

Yanzu rediyon yana kan teburina, cikin jar rigarsa. Ɗan ƙanena, wanda ke ajin ƙarshe a sakandare, ya fara zuwa rumfar dattijon ranar Asabar. Makon jiya ya dawo da ƙuna a ɗan yatsa, yana ta ba ni labarin kwandansa. Allah Ya sa ya ɗore.